Jami'ar Kyoto Seika

Kyoto Seika jami'a ce mai zaman kanta a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Ta soma a matsayin kwaleji a 1968, ta kuma yi suna wajen koyar da manga, wato labaran zane na Japanawa. A 2006 ta buɗe tsangayar manga ta farko a ƙasar, a 2010 kuma ta fara ba da digiri na biyu a fannin. Ita da hukumar birnin ke gudanar da Gidan Tarihin Manga na Kyoto, mai ɗauke da littattafai da mujallu kusan 300,000. Oussouby Sacko, haifaffen Bamako, ya shugabanci jami'ar daga 2018 zuwa 2022.