“I am staying” ko “I live”: wanne ya dace da baƙo?

A Ingilishi, “I am staying” zaman wucin gadi yake nufi, kamar “séjourner” a Faransanci, “I live” kuwa na mazaunin gari ne, wato “habiter”. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya je Kano saro kaya, idan jami'in shige da fice ya tambaye shi, “I am staying in Kano” zai ce, don kada a ɗauka can yake zaune.

Gari “in” yake ɗauka, otal “at”, mai masauki kuma “with”: “staying with my uncle”, wato ya sauka wurin kawunsa.

A Najeriya dai za ka ji haifaffen Fagge yana cewa “I stay in Fagge”. Kowa zai gane, amma a jarrabawa ko takardar neman biza “live” ya kamata ya rubuta.