Tufka da Warwara: Shekaru Ashirin na Neman Masu Kwafin DNA

A ranar 25 ga Afrilu, 1953, mujallar Nature ta buga wata gajeriyar maƙala da ba ta wuce shafi ɗaya da 'yan kai ba. A cikinta James Watson da Francis Crick na Jami'ar Cambridge a Ingila suka bayyana siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya. Sun dogara ƙwarai da hotuna da ma'aunan da Rosalind Franklin ta samar a King's College da ke Landan. Ita Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kafin a ba Watson da Crick da Maurice Wilkins lambar Nobel a 1962. Galibin masu ba da wannan tarihi a nan suke dasa aya. Sai dai abin da aka samu a 1953 siffa ce kawai. Gano yadda ƙwayar halitta ke kwafin wannan siffa duk lokacin da za ta rabu biyu ya ci ƙarin shekaru sama da ashirin.

DNA igiya ce mai sili biyu da suka murɗe juna. Kowane sili jere ne na sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, T, G da C. Ƙa'idar ita ce A kullum tana fuskantar T, G kuma tana fuskantar C. Saboda haka wanda ya san jeren sili ɗaya ya san na ɗayan. Daga nan hasashe ya fito: idan aka warware igiyar, kowane sili zai iya zama abin duba wajen gina sabon abokin tufkarsa.

A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl suka gwada wannan hasashe a Caltech ta Amurka. Sun reni bakteriyar E. coli a abinci mai naitirojin mai nauyi har DNA ɗinta ya yi nauyi, sannan suka mayar da ita abinci mai naitirojin na yau da kullum. Bayan rabuwa ɗaya, dukkan DNA ɗin ya zama mai matsakaicin nauyi. Bayan ta biyu, rabi ya zama matsakaici, rabi mara nauyi. Wannan ya tabbatar da cewa kowace sabuwar igiya tana da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya.

Sauran tambayar ita ce wa ke yin aikin. A cikin ƙwayar halitta, masu aiki su ne enzayim, wato furotin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu. A 1956 Arthur Kornberg, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ya tace wani enzayim daga E. coli wanda ke iya jera sabbin haruffa a kwalbar gwaji idan aka ba shi tsohon sili ya duba. Aka sa masa suna polimarez na DNA, kuma a 1959 Kornberg ya karɓi Nobel tare da Severo Ochoa. A lokacin kowa ya ɗauka an kama magini.

Amma wata matsala ta ƙi kwanciya. Silin DNA biyu ba su fuskanci gefe ɗaya ba: inda kan wannan yake, nan gindin wancan yake. Shi kuwa polimarez ba ya gini sai ta fuska ɗaya tak. Idan igiya na warwarewa daga dama zuwa hagu, sili ɗaya zai samu gini ba tsayawa, yana bin bakin warwarar. Ɗayan fa? Hanyarsa ta saɓa wa inda ake buɗewa.

Amsar ta fito daga Jami'ar Nagoya a Japan, daga wasu ma'aurata, Reiji da Tsuneko Okazaki. Sun riƙa ba bakteriya haruffan DNA masu alamar tururin nukiliya na 'yan daƙiƙu kaɗan, sannan su tsayar da komai su duba abin da aka gina. Sai suka tarar da gajerun gutsattsari masu haruffa 1,000 zuwa 2,000, waɗanda in an ƙara lokaci sukan haɗe su zama dogon sili. A 1968 suka bayyana sakamakon: silin da ya juya baya ana gina shi ne guntu-guntu, maginin na komawa bakin warwarar ya faro sabon guntu duk lokacin da aka buɗe ƙarin wuri. Shekara guda kafin haka, ɗakunan bincike da dama, ciki har da na Martin Gellert, sun gano ligez, enzayim ɗin da ke ɗinke gutsattsarin DNA. Har yau ana kiran waɗannan guntaye da sunan Okazaki. Reiji, ɗan asalin Hiroshima wanda tururin bam ɗin 1945 ya shafa yana matashi, ya rasu da sankarar jini a 1975 yana da shekara 44. Tsuneko ta ci gaba da aikin, har ɗakin bincikenta ya taimaka wajen tabbatar da cewa kowane guntu yana farawa ne da ɗan gajeren tushe na RNA.

A 1969 kuma aka girgiza abin da ake ganin ya zauna daram. Paula De Lucia da John Cairns, a Cold Spring Harbor ta Amurka, sun tantance dubban irin E. coli ɗaya bayan ɗaya, har suka samu wanda enzayim ɗin Kornberg kusan ba ya aiki a cikinsa. Bakteriyar ta ci gaba da hayayyafa abinta. Ashe ba shi ne babban magini ba. Wanda ya gano na ainihin, polimarez na uku, a farkon shekarun 1970, shi ne Thomas Kornberg, ɗan Arthur na cikinsa, tare da Malcolm Gefter a Jami'ar Columbia. Enzayim ɗin uban bai tashi a banza ba: aikinsa shi ne cire tushen RNA daga guntayen Okazaki, ya cike gurbin da DNA, ya kuma gyara inda aka samu lahani.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an san sauran ma'aikatan. Helikez, wanda aka gano a 1976, shi ke warware igiyar. Firaimez ke ajiye tushen RNA, domin polimarez ba ya iya faro sili daga babu. Duk wanda ya taɓa warware igiya daga tsakiya ya san gabanta kan ƙara murɗewa har ta cukurkuɗe. James Wang ya gano enzayim na farko mai sassauta murɗiyar DNA a 1971, Gellert kuma ya gano jairez a 1976. Da haɗin gwiwarsu E. coli ke kwafin haruffa kusan miliyan 4.6 cikin minti 40. Polimarez yana duba abin da ya rubuta, ya goge kuskure nan take, wasu enzayim su bi baya su sake dubawa, har kuskuren da ke tsira bai fi ɗaya cikin biliyan ba.

Wannan tarihi yana cikin asibitocin Kano da Maraɗi ko da ba a ambaci sunansa ba. Maganin ciprofloxacin da ake rubutawa don taifot yana kashe bakteriya ne ta hanyar toshe jairez. Gwajin PCR da ake amfani da shi wajen gano zazzaɓin Lassa da korona polimarez ne aka sa shi kwafi a cikin na'ura, irin wanda aka samo daga bakteriyar maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, domin yana jure zafi. Cutar sikila kuwa, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, asalinta harafi ɗaya ne da ya sauya, T a gurbin A, a cikin umarnin gina sinadarin jan jini. Tun daga ranar da sauyin ya auku, dubban shekaru da suka wuce, waɗannan enzayim ke kwafinsa daga uwa da uba zuwa ɗa da irin amanar da suke kwafin kowane harafi. Ba sa tantance ma'anar abin da suke kwafi. Shi ya sa gwajin jini kafin aure ke da muhimmanci: a san abin da aka ba su kafin su fara aiki.