Ranar da Makirufo Ya Tona Asirin Kokawar Amurka

Kokawar Amurka, wadda matasa ke kira resilin, ta daɗe tana tafiya kan sirri guda: tun kafin a hau dandali an san wanda zai yi nasara. A 1989 kamfanin WWF ya amsa hakan a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Amma abin da ke gudana a bayan fage bai fito fili ba sai da masu shirya finafinan tarihin rayuwa suka shiga da kyamara.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne Hitman Hart: Wrestling with Shadows, na Paul Jay, wanda ya fito a 1998. Jay ya bi Bret Hart, ɗan Kanada, wanda ya koyi kokawa a gidan mahaifinsa Stu Hart a Calgary. A 1996 Bret ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da WWF. Shekara na zagayowa mai kamfanin, Vince McMahon, ya ce ba zai iya biyansa ba, ya ba shi damar komawa WCW. Sai dai kambun kamfanin yana hannun Bret, kuma ya ƙi yarda Shawn Michaels ya karɓe shi a ƙasar Kanada.

Ranar 9 ga Nuwamba 1997, a Montreal, suka zauna da McMahon, aka tsayar cewa wasan zai tashi ba tare da kambu ya sauya hannu ba. Bret na sanye da makirufon masu fim. Da aka shiga wasa, Michaels ya ɗaure shi, McMahon ya sa aka buga ƙararrawa alhali Bret bai miƙa wuya ba. Mu ma'aikatan rediyo mun san darajar muryar da aka naɗa: ba ta sauya magana. Ba don wannan makirufo ba, da maganar Bret ta zama ƙorafin wanda aka kayar.

A 1999 Barry Blaustein ya fitar da Beyond the Mat. A ciki an ga 'ya'yan Mick Foley suna kuka a bakin dandali yayin da The Rock ke maka wa ubansu kujerar ƙarfe a ka. Cikin Mayun shekarar, Owen Hart, ƙanin Bret, ya faɗo daga saman zauren wasa a Kansas City, ya mutu.

Saboda haka idan aka ce mini resilin ƙarya ce, nakan ce sakamakon ne shiryayye. Raunin, cin amanar da marayun da aka bari duk gaske ne. Bret da Michaels ma ba su yi sulhu a bainar jama'a ba sai a Janairun 2010.