Daga Jakin Kakana Zuwa Motar Caji: Tarihin Sufuri A Jalingo

Kwanan baya wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jihar Taraba ya zo gida yana ta ba ni labarin motoci masu aiki da lantarki, wai nan gaba su ne za su maye gurbin na fetur. Maganar ta tsaya mini a rai, har ta sa na waiwaya baya, don mu da muka zo garin nan a matsayin baƙi, hanya ce ta kawo mu.

Kakana bafatake ne daga ƙasar Kano, a ayarin jakuna ya sauko, da turkuɗi da kanwa. Garin da ya tarar ba tsohon gari ba ne. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa Jalingo a 1893, bayan yaƙinsa da mutanen Kona, wanda wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya taimaka masa da igwa. A wancan zamani babbar hanyar ƙasar nan ita ce kogin Binuwai. Tun 1854 jirgin Baikie ya hauro har ƙasar Muri, daga baya kuma jiragen kamfanin Neja suka riƙa tsayawa a Ibi da Lau su wuce Yola. Amma fa sai da damina, idan ruwa ya cika. Gyaɗa da auduga sai a tara su a bakin kogi a jira ruwa, jaki ya kai, jirgi ya kwashe.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mana ba. Layin dogo ya isa Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, mu aka bar mu da manyan motoci. Da aka ƙirƙiro jihar Taraba ranar 27 ga Agusta 1991, gari ya cika da ma'aikata daga Yola, sai acaba ta zama ƙafar kowa. Yawancin masu tuƙa ta yaranmu ne. Bayan tashin bam na Afrilun 2012 aka hana babur a cikin gari, Keke Napep ta gaje ta. Wanda ke da halin karɓar keke bashi ya tsira, wanda ba shi da hali ya koma ƙauye ko ya zauna. Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ba sai na faɗa muku yadda ya yi da mu ba.

To ina jami'o'i suka shigo? A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka kuma yi irinta a jami'o'in Legas da Nsukka, don ɗalibai su yi nazari a kai. Motar da aka gwada sunanta Hyundai Kona. Na yi dariya da na ji sunan, ko da yake ba Konarmu ake nufi ba. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya cire injinan ƙananan bas ya sa musu batir, suna ɗaukar fasinja da araha.

A ganina keke ce ta fi dacewa da wannan fasaha a Jalingo, don tafiyarta gajera ce, daga kasuwa zuwa Mile Six ko Sabon Gari, rana kuwa Allah ya hore mana. Matsalar ita ce wuta. Madatsar Kashimbila megawat 40 ce kacal, ta Mambila kuwa tun muna yara muke jin labarinta.

Abin da na ce wa ƙanena shi ne su fara binciken daga ƙofar gida. Gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari ta karye a daminar 2024, mutane da motoci suka koma ƙetarewa a kwalekwale, kamar zamanin kakana. Motar caji ma da ta iso wurin, layin kwalekwalen za ta bi. Ina so in ga ɗalibin da zai zauna da 'yan keke da masu fito, ya ƙirga man da suke sha a yini da abin da ke saura a aljihunsu, kafin a kawo mana batir daga Sin.