Kwalta da Guduro

Direban Dakoro in ya kama hanyar Maradi sai ya ce ya hau guduro, takwaransa na Katsina kuwa ya ce kwalta. Abu ɗaya ne, bakin Turawan mulkin mallaka ne ya raba sunan. Guduro daga goudron na Faransanci ya fito. Kwalta kuma coal tar ce ta Ingilishi, wato baƙin danƙon da ake tatsa daga kwal.

Tun kafin a shimfiɗa ta a titi, gindin jirgin ruwa ake shafa wa, don kada tsutsar teku ta huda katako. Wasu masu kwale-kwale har gobe suna toshe tsaga da ita. Jiragen teku kam sun koma fenti mai sinadarin tagulla, wanda ke hana gansakuka da katantanwa liƙewa. Kwaltar titin yau kuwa daga ɗanyen man fetur ake samunta, ba daga kwal ba.