Asalin Kalmomin So a Harshen Malayu

Ku 'yan makaranta, in kun buɗe taswira kuka dubi gabas da Indiya, za ku ga ƙasashen Maleshiya da Indonesiya. Mutanensu sun daɗe suna ciniki da harshe guda, watau Malayu. Cikin 1928 samarin tsibiran suka taru a birnin da yanzu ake kira Jakarta, suka ɗauki harshen nan ya zama na al'ummarsu, suka sa masa suna harshen Indonesiya. Yau muna so mu duba kalmomi uku da suke faɗin so da su, gama akwai abin lura a ciki.

Ta fari ita ce kasih. Wannan 'yar gida ce, ba aro ba, masana kuwa sun ce tushenta tausayi ne. Har yanzu in suka ga wani cikin wahala sai su ce kasihan, watau abin tausayi. Godiyarsu ma terima kasih ce, ma'anarta karɓar ƙauna. Masoyi kuwa kekasih ake ce masa.

Ta biyu sayang. Da ita uwa ke kiran ɗanta, miji kuma ya kira matarsa. Amma in tulu ya fashe, ko wani alheri ya kuɓuce, ita ɗin dai za su faɗa, kamar yadda mu kan ce kaico. Ashe a wurinsu abin da kake so shi ne abin da ba ka jure hasararsa.

Ta uku cinta, ita kuwa baƙuwa ce. Tun zamanin da, jiragen fatake na Indiya kan biyo iskar teku su zo tsibiran, tare da su kuma harshen Sanskirit ya shigo. An sami wani dutse kusa da Falembang a tsibirin Sumatara, wanda aka rubuta wajen shekarar 683, zamanin daular Siriwijaya. Malayu ne a jikinsa, gauraye da kalmomin Sanskirit. To, a Sanskirit cinta tunani ne da zullumi. Haka kuma ta zauna cikin tsofaffin hikayoyin Malayu: in aka ce sarki yana cikin cinta, ana nufin yana baƙin ciki, ko yana begen wanda ya rabu da shi. Sannu a hankali sunan damuwar ya koma kan abin da ya jawo ta, har ta zama kalmar soyayya tsakanin saurayi da budurwa, da ta ƙaunar ƙasa.

Bayan Musulunci ya kafu can, Larabci ma ya ba da nasa. Hamza Fansuri, mawaƙin Sufaye na ƙarni na 16, ya yi amfani da asyik, daga ashiƙi, wajen faɗin begen Ubangiji. Mu ma ta hanyar nan muka sami shauƙi.

Ku lura, kalmomin nan uku kowace da nauyinta: ɗaya tausayi, ɗaya tsoron hasara, ɗaya zullumi. Mutanen da ba su raba so da ɗaukar ɗawainiya ba. Saboda haka duk wanda ya ce yana son iyayensa ko garinsu, alhali damuwarsu ba ta hana shi barci, to, bisa ga ma'aunin Malayawa, da sauransa tukuna.