Southdale: Tarihin Rufaffiyar Kasuwar da Ta Sauya Salon Saye da Sayarwa a Amurka

Southdale rukunin kantuna ne da ke garin Edina, kudu maso yammacin birnin Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka. An buɗe shi ranar 8 ga Oktoba, 1956, kuma masana tarihin gine-gine suna ɗaukar sa a matsayin uwar rufaffun kasuwannin zamani, wato waɗanda ake haɗa kantuna masu yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, a daidaita zafi da sanyin cikinsu da na'ura. Akwai waɗanda suka riga shi, kamar Valley Fair a garin Appleton na jihar Wisconsin da wata cibiyar kantuna a garin Luleå na ƙasar Suwidin, dukansu a 1955. Amma tsarin Southdale ne aka yi ta kwaikwayo a faɗin Amurka, daga nan kuma ya bazu a duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalai masu matsakaicin hali sun yi ta barin tsakiyar biranen Amurka suna komawa sababbin unguwanni a bayan gari, inda fili yake da araha kuma kusan kowane gida ya mallaki mota. Edina na cikin irin waɗannan wurare. A 1950 mutanenta ba su cika dubu goma ba, amma kafin 1960 sun kusa ninka haka sau uku. Gidaje sun yi yawa, sai dai babbar kasuwa tana can cikin Minneapolis, inda cunkoso ya yi yawa kuma wurin ajiye mota ya yi wuya. Ga kuma hunturun Minnesota mai tsanani, wanda dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi watanni, sanyi kuma ya hana mutane yawo daga wannan kanti zuwa wancan.

Kamfanin Dayton, mai babban kanti a Minneapolis, shi ne ya yanke shawarar bin abokan cinikinsa zuwa inda suka koma. A ƙarƙashin shugabancin Donald Dayton, kamfanin ya sayi fili mai faɗin kusan eka 500 a Edina, ya kuma bayyana shirinsa a 1952. Wanda aka ɗora wa zanen ginin shi ne Victor Gruen, Bayahude haifaffen birnin Biyana a 1903, wanda ya tsere zuwa Amurka a 1938 bayan Jamus ta 'yan Nazi ta haɗiye ƙasarsa Ostiriya. Kafin nan ya zana rukunin kantuna na Northland a kusa da birnin Detroit, wanda aka buɗe a 1954, amma wancan hanyoyinsa a buɗe suke ba rufi.

Gruen ya taso ne a birnin da jama'a ke tafiya a ƙafa, suna haɗuwa a dandali da gidajen shan gahawa. Da ya dubi sababbin unguwannin Amurka, sai ya ga gidaje da tituna da motoci, amma bai ga wurin da mutane za su taru su gaisa ba. Burinsa shi ne ya gina wa irin waɗannan unguwanni cibiya. A zanensa na farko, kasuwar wani ɓangare ce kawai na babban tsari da ya haɗa da gidajen kwana, makarantu, wuraren kiwon lafiya, lambun shaƙatawa da tafki.

An fara aikin ginin a 1954, ya kuma ci kimanin dala miliyan 20. Faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 800,000, da gurbin kantuna 72 a hawa biyu, da wurin ajiye motoci fiye da 5,000. An sassaƙa ƙasar wajen ta yadda mai zuwa zai iya shiga kai tsaye ta hawan ƙasa ko na sama, domin kada masu kantunan bene su rasa ciniki. Manyan motocin kawo kaya kuwa ta ƙarƙashin ƙasa suke bi. An raba wurin ajiye motoci kashi-kashi, kowane kashi da alamar wata dabba, don kada mutum ya fito ya rasa inda ya bar motarsa.

Abu biyu ne suka fi jan hankali a ginin. Na farko, kamfanin Dayton ya gayyato babban abokin gasarsa, wato Donaldson's, aka ba shi ɗaya gefen. Hikimar ita ce, mai saye da ya fito daga wannan babban kanti zuwa wancan dole ya ratsa ta gaban ƙananan kantunan da ke tsakani. Na biyu, ƙofofin kantuna duk ciki suke fuskanta, ba titi ba. A tsakiya aka yi babban tsakar gida mai hasken rana daga sama, da bishiyoyi, da tafkin kifi, da kejin tsuntsaye, da wurin zama a sha gahawa, da sassaƙe-sassaƙen Harry Bertoia. Ana riƙe yanayin ciki a kusan digiri 24 a ma'aunin Salshiyas duk shekara, ko da ƙanƙara na zuba a waje.

Jama'a sun yi tururuwa zuwa wurin, jaridu da mujallun ƙasar kuma suka yi ta yabo. Amma ba kowa ya gamsu ba. Shahararren mai zanen gine-ginen nan Frank Lloyd Wright ya ziyarci wurin a 1956, ya kushe shi, yana ganin an kwaso cunkoson birni an kai bayan gari. Duk da haka 'yan kasuwa sun ga riba ƙarara. Dokar harajin 1954 ta sauƙaƙa wa masu sababbin gine-ginen kasuwanci, dokar manyan hanyoyi ta 1956 kuma ta buɗe bayan gari ga masu motoci. Cikin shekaru ashirin, ɗaruruwan kasuwanni masu siffar Southdale suka tashi a ƙasar.

Sai dai abin da aka kwaikwaya shi ne ɓangaren ciniki kaɗai. A Edina kanta, ba a cika babban tsarin Gruen ba. Darajar filin da ke kewaye ta tashi, aka sayar da yawancinsa ga masu gine-gine, ko da yake an samu ginin likitoci, sannan asibitin Fairview Southdale a 1965. A sauran wurare kuwa, kasuwannin sun zama katafaren gini a tsakiyar tekun motoci, suka janye ciniki daga tsofaffin titunan birane har da yawa suka mutu. Wannan ya ɓata wa Gruen rai ƙwarai. Ya koma Biyana, kuma a wani jawabi da ya yi a Landan a 1978 ya barranta da irin waɗannan gine-gine, yana mai cewa an gurɓata manufarsa. Ya rasu a 1980.

Southdale ya ci gaba da sauyawa da zamani. An faɗaɗa shi a 1972 lokacin da kantin JCPenney ya shigo. A 1992 aka buɗe rukunin kantuna na Mall of America a garin Bloomington da ke maƙwabtaka, wanda ya ninka shi girma ya kuma janye masa masu saye. Sunayen da aka san shi da su ma sun gushe: Donaldson's ya koma Carson Pirie Scott, kantin Dayton kuma ya zama Marshall Field's a 2001, sannan Macy's a 2006. Daga baya sayayya ta intanet ta ƙara matsa wa manyan kantuna lamba, har JCPenney ya rufe reshensa na wurin a 2017.

Abin lura shi ne hanyar da masu kasuwar suka bi don ceto ta. An gina gidajen haya da masaukin baƙi a gefen filin ajiye motoci, an kawo ofishin hidimar jama'a na gundumar Hennepin, an kuma yi katafaren wurin motsa jiki a inda JCPenney yake a da. Ma'ana, an dawo kan tunanin da Gruen ya zo da shi tun farko, cewa kasuwa ba ta ɗorewa sai ta kasance cikin rayuwar mutanen da ke kewaye da ita. Har yau Southdale na aiki a hannun kamfanin Simon Property Group, kuma ana lissafa shi cikin rufaffun kasuwanni mafi daɗewa da ke ci gaba da ciniki a Amurka.